X-Plane, Microsoft Flight Simulator da FlightGear: wanne ya dace da mai tuƙi daga Damagaram?

Galibin masu sharhi kan manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgin sama suna zaune ne inda intanet ba ta yankewa, shi ya sa shawararsu ba ta cika yi mana amfani ba a nan Damagaram, inda kowane giga kuɗi ne, kuran kuma kan ɗauke kana tsakiyar sauke kaya. Na daɗe ina aiki da guda uku a kwamfutar tebur mai RAM giga 16 da katin hoto matsakaici: X-Plane 12, da Microsoft Flight Simulator na 2020, da FlightGear. Na auna su da jirgin da duk ukun suke da shi, Cessna 172, a filin jirginmu na Zinder mai lamba DRZR.

Filin namu yana kusan mita 460 bisa teku. A takarda ba wani tudu ba ne, amma zafi yana canza lissafin. Idan ka sa ma'aunin zafi a digiri 42, irin na azahar a watan Afrilu, iska takan yi shara-shara har jirgi ya ji tamkar yana tashi daga fili mai tsayin mita 1,500 da wani abu. Injin ba ya samun cikakken ƙarfinsa, farfela ba ta kama iska sosai, fukafukai ma haka. Duk manhajojin uku sun san da wannan: gudun ƙasa yana tsawaita, hawa yana yin nauyi. Bambancin yana wajen yadda jirgin ke amsa hannunka a cikin wannan hali, kuma a nan X-Plane ya fi burge ni.

Kamfanin Laminar Research na Austin Meyer a Amurka shi ke yin X-Plane. Tsarinsa shi ne ya yanka fiffike da farfela da wutsiya gunduwa-gunduwa a lissafi, ya auna ƙarfin iska a kan kowace gunduwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, sannan ya haɗa. Halin jirgi daga siffarsa yake fitowa. Kana ba Cessna wuta a bakin titi, hancinsa zai fara karkata hagu saboda juyin farfela da iskar da take watsawa kan wutsiya, dole ka taka fedar dama, wato abin takawa mai juya hancin jirgi dama, kuma gwargwadon takun yana canzawa yayin da gudu ke ƙaruwa. A wajen not 55, kusan kilomita 100 a awa, kana ɗaga hanci a hankali. In ka yi gaggawar ja a cikin zafin nan, jirgin zai bar ƙasa kaɗan, ya yi ta shawagi dab da kwalta ya ƙi hawa, ƙarar gargaɗi na tashi a kunnenka. Wannan shawagin da ya ƙi zama hawa shi ya koya mini haƙuri da sanda fiye da duk abin da na karanta. Titin Zinder ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, don haka iskar hunturu ta gaba take zuwar maka, ba ta da wahala. Mai son gwaji na gaske ya saita iskar gefe ta not 15 da hannunsa. A X-Plane, ko bayan tayoyi sun taɓa ƙasa aikin bai ƙare ba, kana sakin feda jirgin zai juya hanci ya fuskanci iskar.

Microsoft Flight Simulator, wanda kamfanin Asobo na birnin Bordo a Faransa ya gina, ya fito a watan Agusta na 2020. Cessna ɗinsa ba laifi, an kuma inganta lissafin iskarsa a sabuntawar da suka biyo baya. A sama yana da daɗi, musamman yadda iska ke girgiza ka kusa da tuddai da gajimare. A ƙasa ne, lokacin gudu kan titi da lokacin taɓawa, nake jin ya fi X-Plane yafiya. Amma wajen kallo babu haɗi. Yana shimfiɗa hotunan tauraron ɗan'adam na Bing a ƙasa, don haka daga sama ina gane Birni da Zengo, ina bin kwaltar Matamaye har iyaka, daga can in nufi filin Malam Aminu Kano ba tare da duba na'ura ba. Gine-ginen da kwamfuta ke tsayarwa ba su yi kama da sorayenmu ba, amma tsarin garin namu ne. X-Plane yana samo hanyoyinsa daga taswirar intanet ta OpenStreetMap, sai dai ƙasar da gidajen na gama-gari ne, za ka ga rufin da ya fi dacewa da Turai a tsakiyar Sahel. Akwai manhajar Ortho4XP, kyauta, mai ɗora hotunan sama a kan ƙasar X-Plane, amma yana cin giga da wuri a faifai.

To, wannan kyan na Microsoft da intanet ake biyansa. Girkawa kaɗai na neman wuri har giga 150, sannan ƙasar da kake gani ana jawo ta ne kana cikin tafiya. Ana iya ajiye wani yanki a faifai, ni ma na ajiye kewayen Zinder, amma da ka fita daga wurin ba tare da layi mai ƙarfi ba, ƙasa sai ta koma dishi-dishi. Fitowar 2024, wadda aka saki a watan Nuwamba, ta ƙara dogara da jawowa, shi ya sa ban koma kanta ba. X-Plane yana bari ka zaɓi yankin duniyar da za ka sauke. Na ɗauki Afirka ta Yamma kawai, kuma ban da tantance lasisi lokaci-lokaci, ba ya neman layi. X-Plane 12 da Microsoft na 2020 kowannensu ya fito a kan kusan dalar Amurka 60, jikka talatin da ƴan kai ke nan, kuma sai da katin banki mai aiki a waje.

FlightGear kyauta ne tun 1997, masu sa kai ke gina shi. Hotonsa ya tsufa, saita shi na son haƙuri, amma Cessna 172P ɗinsa da gaske aka yi shi, har tada injin sai ka bi ƙa'ida. Tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa.

Wajen jiragen ƙari, waɗanda ake saukewa daban a ɗora wa manhaja, biyu na kyauta sun ishe ni. A32NX na ƙungiyar FlyByWire, a Microsoft, yana nuna halin Airbus yadda yake: kwamfutar jirgi ce ke tsakaninka da fukafukai, ka saki sanda ya riƙe inda ka bar shi, ka tura ta gefe iyakar ƙarfinka ba zai wuce karkatar digiri 67 ba. Boeing 737-800 na Zibo, a X-Plane, akasin haka ne, duk canjin gudu ko wuta sai ka daidaita nauyin hanci da kanka, in ba haka ba sanda ta yi ta ja maka hannu. Na kan tashi da su daga Diori Hamani na Yamai zuwa Mano Dayak na Agadas, shafin intanet na SimBrief na fitar mini da hanya da lissafin mai kyauta. Akwai na kuɗi masu suna, irin na kamfanonin PMDG da Fenix, amma ban ga dalilin da mai farawa zai fara da su ba.

Kuɗin farko a sa shi a sandar tuƙi. Ɗan ƙanwata, da ke kole, ya zauna gaban allon yana danna madannai, jirgin na fizga hagu da dama har ya fita daga titi. Na miƙa masa Logitech Extreme 3D Pro, wadda ake murɗa hannunta a madadin feda. Ya ba da wuta, hanci ya fara karkata, ya murɗa dama kaɗan, jirgin ya tsaya kan farin layi. Ya waiwayo ya ce, "Kawu, ashe shi ma yana gardama." Da madannai babu wanda zai ji wannan gardamar, ko a wace manhaja.

Mai tsohuwar kwamfuta ya fara da FlightGear. Mai layin da ba ya ƙirga giga, yana son ganin garinsa daga sama, Microsoft zai faranta masa rai. Ni X-Plane nake buɗewa kusan kullum, kuma wanda ke shakka ya sauke na gwaji, kyauta ne, yana ba da minti 15 na tuƙi kowane zama. Ya sa zafi digiri 42 da iskar gefe, ya gwada tashi da sauka kafin ya fitar da ko dala ɗaya.