Mai feshin gara da na ɗauko daga Kano: ɗaki ya tsira, zabbi sun tafi

Daren da ruwan farko ya sauka bana, shinge suka fito suka rufe fitilar tsakar gida, yara suna ta murna suna kamawa. Ni kuwa gabana ne ya faɗi. Da safe na je in ja adakar marigayi mahaifinmu daga jikin bango, sai murfin ya biyo hannuna, gindin ya zauna a inda yake. Gara ta cinye katakon ta ciki, fenti kawai ta bar mini. Takardun gona Allah ya sa suna cikin leda, amma littattafansa na fiƙihu guda uku sun koma ƙasa.

Duk wanda ke zaune a ƙauyukan Ringim ya san zamanmu da gara. Toka mun zuba, baƙin mai mun shafa wa katakon rufi, fiya-fiyar kasuwar Gujungu mun fesa har yara suna tari. Sai ta yi kwana biyu ba a gan ta ba, ta ɓullo ta wata kusurwar. Shi ya sa da wani abokin koyarwata ya ba ni lambar wani matashi mai feshi daga Kano, ban tsaya dogon ciniki ba, duk da kuɗin da ya yanka ya kai na tunkiya mai kyau.

Gaskiya yaron ya san aikinsa, wannan ba zan ɓoye ba. Bai fara da injin feshi ba. Zagaya gidan ya yi yana ƙwanƙwasa katako da bayan sukundireba, yana bin layin jar ƙasar nan da take ginawa a bango har ya kai ni gindin randa, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Ya nuna mini itacen girki da karan dawa da muka jingina da bangon ɗaki. Ya ce, "Baba, ai ku kuke ciyar da ita, kuna ba ta ruwa. Waɗannan da kake gani 'yan aiki ne. Uwar tana can ƙarƙashin ƙasa tana zuba ƙwai dubbai a kullum, fiya-fiya ba ta isa wurinta." Ya sa aka haƙa rami mai zurfin taƙi guda zagaye da ginin, ya dama magani mai sinadarin fipronil ya kwarara, aka mayar da ƙasa. Ya ce shi wannan ba ya korar gara, bari yake ta ratsa ta cikinsa ta kwasa a jikinta, ta kai wa 'yan uwanta gida. Sati uku bayan nan na kankare layin da ke bangon ɗakina, ba a sake gina shi ba. Tun ranar da ya yi aikin na fara yabonsa a majalisa, har mutum biyu suka karɓi lambarsa.

To, ga inda raina ya ɓaci. Uwargida tana da 'yan tsakin zabbi goma sha huɗu da kaza ta ƙyanƙyashe mata, kuma kowa ya san da me ake tashin ɗan zabo a ƙauye. Ƙaramin ɗana ne mai aikin: ya cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, ya yayyafa ruwa, ya kifa ta a bayan ɗaki da yamma, da safe ya ɗauko ta cike da gara ya zazzage musu. Tukunyar nan tana kife taku biyu daga ramin da aka zuba magani. Mai feshin ya gan ta da idonsa, har ƙafarsa ta ture ta, ya tambayi ta mece ce, aka gaya masa, ya yi dariya ya ce dabara. Kalma ɗaya bai ƙara ba. Shi da bakinsa ya ce garar za ta yi ta yawo da guba a jikinta kafin ta mutu, amma bai iya cewa a daina bai wa tsuntsaye ita ba.

Kwana na huɗu da zuba maganin tsakin suka fara tangaɗi, suna sakin fiffike, suna zama a rana ido a rufe. Kafin sati ya cika, tara daga cikinsu sun tafi. Na ga uwargida ta durƙusa a bakin akurki tana ɗura wa ɗaya ruwa da cokali, yana mutuwa a tafin hannunta. Da kuɗinsu take shirin yi wa yara kayan sallah. Mun gudu daga gara, mun tarar da zago.

Na kira shi. Ya ce, "Haba Baba, ai a rubuce yake a jikin kwalbar." Kwalbar da ya jefa a jakarsa ya tafi da ita Kano! Da Turanci kuma, da ƙananan baƙaƙen da ko ni mai koyarwa sai da tabarau. Ko "Allah ya mayar da alheri" bai ce ba.

Sai kuma na tuna ashe zauren ma bai taɓa shi ba, wai magani ya ƙare, zai dawo ya ƙarasa cikin kuɗin da na riga na biya. Yanzu ga sabon layin jar ƙasa nan ya hau firam ɗin ƙofar zauren, ya kai tsayin gwiwa. Ya ce mini Asabar. Asabar uku ke nan ina ajiye masa shebur a bakin ƙofa, mutum biyun nan da suka karɓi lambarsa kuwa na bi su gida na ce su ɗauke tukwanen gararsu tun kafin ya zo.