Rage nauyin keken tsere: abin da za ka fara saya da abin da za ka ƙyale

Duk wanda ya sayi keken tsere, irin mai siririyar tayan nan da lanƙwasasshen kai, ba ya daɗewa sai ciwon nauyi ya kama shi. Ya ɗaga nasa ya ji kamar kilo 10 ko 11, ya ɗaga na abokinsa da yatsa biyu, shikenan hankali ya tashi, a dinga duba kaya a waya har tsakar dare. To kafin ka tura wa kowa kuɗi tsaya mu yi lissafi tukuna, don harkar nan tana cin kuɗi ba kaɗan ba, kuma wani kayan kuɗinsa ne kawai mai yawa, abin da zai rage maka bai taka kara ya karya ba.

Kekunan da ake hawa a Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, ba a yarda su yi ƙasa da kilo 6.8 ba, doka ce ta UCI, hukumar tseren keke ta duniya, tun shekarar 2000. Kenan tsakanin kekenka na alminiyam da nasu kilo uku ne zuwa huɗu. Yanzu a ce kai kilo 70 ne, keken kilo 10, jimla 80. In ka cire kilo ɗaya cur ka rage kashi ɗaya da ɗan ɗoriya cikin ɗari kenan, a hawan tudu mai tsauri na awa guda abin da za ka samu bai wuce daƙiƙa 40 da wani abu ba. A shimfiɗaɗɗen titi kuwa, irin Kano zuwa Wudil, kusan babu, don a can iska ce ke riƙe ka ba nauyi ba. Mutumin Jos ko Abuja da kullum yana hawa da gangara shi ne zai ji bambancin sosai. Ba wai ina hana ka ba ne fa, keke mara nauyi akwai daɗin hawa wallahi, ko ɗaga shi zuwa bene ma ya fi sauƙi, amma ka san abin da kake saya.

Hanyar da nake auna kowane kaya guda ɗaya ce, raba kuɗinsa da yawan giram ɗin da zai cire maka. Abu ya ci dala 30 ya cire giram 150, wani ya ci dala 300 ya cire giram 200, ai ba sai an faɗa maka wanda za ka fara da shi ba. Kuma ka nemi ɗan sikelin kicin na dijital ka auna abin da ke jikin kekenka yanzu, don nauyin da kamfani ke rubutawa a kwali sau da yawa akwai ɗan ƙari in an ɗora a sikeli.

Na kyauta dai kowa ya sani, ƙaton kwaɗo da kake yawo da shi, jakar ƙarƙashin sirdi da aka cusa wa sifana kala biyar, madigadi a tsakiyar rani. Gorar ruwa mai mililita 750 nauyin ruwanta giram 750 ne, ya fi abin da wasu ke kashe dubban ɗaruruwa su rage, amma a zafinmu kar ka kuskura ka rage ruwa don neman sauƙin keke.

Inda kuɗi ya fi yin aiki shi ne tub da taya. Baƙin tub na roba da kowane keke ke zuwa da shi giram 100 zuwa 120 ne kowane ɗaya. Akwai na latas wajen giram 75 zuwa 80, yana da laushin tafiya amma iska na zurarewa cikin dare, kullum da safe sai ka yi famfo. Sai kuma sabon yayi, tub ɗin TPU, wanda in ka riƙe shi sai ka rantse leda ce, giram 30 zuwa 40, irin su Tubolito da Aerothan na Schwalbe da masu arha na China kamar RideNow. Gaba da baya ka cire kusan giram 150 kenan da kuɗi kaɗan, babu wani kayan da ya kai shi riba. Sai dai ga matsalarsa a wajenmu: gam ɗin mai faci na bakin titi ba ya kama shi, yana da nasa facin na musamman da za ka saya tare, in kuwa aka ce za a yi masa facin wuta to narkewa zai yi. Wajen sakawa ma in lebar taya ta ɗan cije shi ya tafi, ka hura masa iska ɗan kaɗan ya yi siffa kafin ka zura, kar ka cika shi a wajen taya don in ya kumbura ba ya komawa. Ni shawarata ka saka TPU a keken, ka ajiye guda a aljihu tunda ba ya cin wuri.

Tayar da ke zuwa da keke mai arha yawanci waya ce a bakinta, ba ta naɗuwa, tana kai giram 350 zuwa 400. Mai naɗuwa irin Continental GP5000 ta milimita 28 wajen giram 250 take, ka ga gaba da baya an sake cire 200 ko fiye. Kuma gaskiya a nan ba nauyin ne babban abin ba, robar ce ta fi gudu a kwalta, daga ranar farko za ka ji keken ya saki. To amma fa ƙaya da fasasshen gilashi da ƙusa ba su san tsada ba. In hanyarka irin wadda ake zubar da shara a gefe ce, tayar Gatorskin mai jure huji ta fi dacewa duk da ta fi nauyi da tauri, don giram 60 da ka rage ba zai yi maka komai ba in kana tsaye a rana kana cire taya. Kuma kar ka koma 23 don neman sauƙi, 28 ta fi jure rami in dai bodin keken zai ɗauke ta.

Masu cewa a cire tub gaba ɗaya a zuba ruwan gam ɗin nan mai toshe huji, yana maganin ƙaya sosai, amma wajen nauyi kusan kunnen doki suke da TPU in ka haɗa ruwan da bawul da tef. Ga shi zafi na busar da ruwan, bayan ƴan watanni sai an ƙara.

Sai wili, nan ne babban kashi kuma nan ne aka fi tafka asara. Wilin da kamfani ke ɗorawa a keken masu farawa yana kai giram 1,900 zuwa 2,100 gaba da baya. Na alminiyam mai kyau 1,500 zuwa 1,600, na kabon 1,300 zuwa 1,500 gwargwadon zurfin rim. Lura da kyau, daga na kamfani zuwa alminiyam mai kyau ka cire kusan rabin kilo, daga nan zuwa kabon kuwa ƙarin bai wuce giram 100 zuwa 200 ba amma kuɗin ya ninka ko ya fi. Abin da kabon mai zurfi ke sayar maka yankan iska ne, to wannan kam mai shimfiɗaɗɗen titi zai amfana, amma in iskar hunturu ta bugo daga gefe sai ka riƙe kai da kyau. In birkinka mai kama rim ne ni ba zan ba ka shawarar kabon ba, sai da robar birki ta musamman, in ruwa ya sauka kamun ya ragu, doguwar gangara kuma rim ya ɗau zafi. Mai birkin faifai ba shi da wannan damuwar.

Kafin ka biya kuɗin wili ka tabbatar da abu uku huɗu, birkin rim ne ko faifai, sandar tsakiya siririyar mai maɗauri ce ko mai kaurin milimita 12 da ake murɗawa, sannan mazaunin giyar baya na wane kamfanin kayan giya ne, Shimano ko SRAM ko Campagnolo, kuma giya nawa yake ɗauka. Ka tambayi sifok ɗinsa ma, don wasu kamfanonin nasu na daban ne, guda ɗaya ya tsinke a rami sai ka jira wata guda kafin ya iso daga waje, alhali na gama-gari mai gyaran keke na unguwa zai ɗaura maka. Akwai kuma rim mara ƙugiya a baki da ake yayi yanzu, ba kowace taya yake karɓa ba kuma ba a wuce masa iska 72.5 a ma'aunin psi na famfo, wanda bai sani ba ya ɗura masa 100 to taya na iya fita.

Sirdi da sandarsa da kan keke, a nan ana samun giram 100 a kowane, sirdin kamfani wajen 300 mai kyau ƙasa da 200. Amma sirdi zama ake yi a kai, wanda ya dace da kai shi ne naka ko da ya fi nauyi. Kan keke na kabon mai shegen arha da aka manna wa sunan babban kamfani, wanda ake gani a kasuwannin intanet, don Allah ka bar shi, jabu ne da yawansu, kuma kabon ba ya lanƙwashewa ya yi maka gargaɗi irin ƙarfe, karyewa yake yi lokaci guda. Ko na gaske ka saya sai da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, yawanci 5 Nm ake rubutawa a jikin wurin, mai gyaranmu kuwa ya saba ɗaure noti sai ya ji ya ƙi motsi, haka zai murƙushe maka sandar sirdi ba ka sani ba.

Kayan giya su ne na ƙarshe, duk da su mutane suka fi kwaɗayi saboda sunan da ke jiki. Jerin Shimano daga ƙasa Claris, Sora, Tiagra, 105, Ultegra, sai Dura-Ace. Tsakanin 105 da Ultegra gaba ɗayan saitin wajen giram 200 ne kacal. Haƙoran baya na 11-28, wato ƙaramin faifai haƙori 11 babba 28, a 105 wajen giram 280, na Dura-Ace ƙasa da 200 kaɗan, don an sa titaniyam a manyan, kuɗinsa ya ninka sau uku ko fiye kuma ya fi saurin cinyewa, balle ga ƙurarmu da ke haɗuwa da mai tana goge sarƙa. Ka bari sai naka ya mutu ka hau mataki ɗaya. Mai Claris da ke son 105 kuwa komai zai canza, daga hannun giya har sarƙa, wani lokacin har wilin baya.

In ka haɗa tub da taya da wili da sirdi ka kusa kilo ɗaya ko ka ɗan wuce, nan ne iyakar da kuɗin ke da ma'ana a keken alminiyam. Wanda ke son kilo biyu ko uku gara ya sayar da keken ya cika ya ɗauki wani, ko na gwanjo ne. In na kabon ne a gwanjo ka sa a wanke shi tas, ka kai shi rana, ka cire sandar sirdi ka leƙa, ka duba ƙarƙashin feda da wuyan keken da inda tayar baya ke zama, duk inda ka ga fenti ya tsage siriri ko an manna sitika a wurin da bai kamata ba ka ce a ɓare ka gani kafin a yi ciniki.