Na canza madabod, na kuma dawo da lasisin Windows ɗina

Cikin dare aka maido da wuta da ƙarfi, madabod ɗin kwamfutata ta tebur, wato babban allon da duk kayan cikinta ke haɗe a kansa, ya ƙone. Mai gyara ya sa sabo, ya sake loda Windows 11, na ɗauko ta ina murna. Ina kunnawa sai ga wani rubutu dishi-dishi a kusurwar dama ta ƙasa: "Activate Windows", wato Windows ba ta ga lasisina ba. Ko hoton fuskar allo ma an hana ni canzawa.

Ashe lasisin ba a cikin faifai yake zaune ba. Da kayan cikin na'urar ake ɗaure shi, musamman madabod, kana canza shi kuwa sai a ɗauke ta a matsayin wata kwamfuta daban.

Mai gyaran ya ce, "Yallaɓai, bari in sa maka irin wanda muke sa wa kowa, minti biyu an gama." Na ce a'a malam, da kuɗina na sayi nawa.

Abin da ya cece ni, tun kafin ƙonewar da asusun Microsoft nake shiga kwamfutar, don haka lasisin na maƙale da shi. Na buɗe Settings, na shiga System, sai Activation, na danna Troubleshoot, na zaɓi layin da ke cewa kwanan nan na canza kayan na'ura. Ya ƙi. Na sake, ya sake ƙi. Sai da shayina ya huce a kofi kafin na lura nau'in Windows mai suna Home aka loda mini, alhali lasisina na nau'in Pro ne, kuma na wannan ba ya buɗe wancan. Da aka sake loda Pro, na zaɓi sunan kwamfutar a jerin, ko minti uku ba a yi ba rubutun ya ɓace.

Tun 2016 aka kawo wannan hanya, kuma gaskiya ta biya ni. Sai dai nawa lasisin daban na saye shi. Wanda ya zo tare da kwamfuta daga kamfani, tun zamanin Windows 8 a jikin madabod ake dasa mabuɗinsa, galibi in madabod ya tafi, tare da lasisin yake tafiya. In kana son sanin irin naka, rubuta slmgr /dli a akwatin umarni, wato Command Prompt: RETAIL ne mai ƙaura, OEM kuwa ɗan gida ne. Na ƙanena da muka duba jiya, OEM ya nuna.