Biyan kuɗin hanya mil-mil: shekarata ɗaya da OReGO

Ranar da na je yi wa motata mai lantarki rajista a Portland, a jihar Oregon ta Amurka, a 2024, na tarar da ƙarin dala 115 a shekara a kan kuɗin rajista. Dalilin a fili yake: ba na shan mai, don haka ba na biyan harajin senti 40 da ke kan kowane galan a lokacin, kuma da wannan harajin ake gyaran titunan jihar Oregon. Ban ga laifinsu ba, amma na ji zafin kuɗin. Wata abokiyar aikina ce ta ce in shiga OReGO, tsarin da jihar ta fara a Yulin 2015, inda ake yafe wa mai motar lantarki wancan ƙarin, ya riƙa biyan senti 2 a kan kowane mil.

Sai da na zauna da biro da takarda. Dala 115 daidai take da mil 5,750. Wanda tafiyarsa ba ta kai haka ba a shekara ya ci riba, wanda ya wuce kuwa gara ya biya kuɗin a dunƙule ya huta. Ni daga gida sai asibitin da nake aiki, sai kasuwa, sai makarantar yara. Shekarar ta ƙare ina da mil 4,300, wato dala 86. Rarar ba ta taka kara ta karya ba, amma dai tawa ce.

Shiga babu wuya. Kamfanin da ke riƙe da asusuna ya aiko wata 'yar na'ura, na soka ta ƙarƙashin sitiyari, shi ke nan. Inda na daɗe ina jinkiri shi ne zaɓi tsakanin na'ura mai GPS, wadda ke gane inda mota take, da marar shi. Marar GPS ƙirga kawai take yi, ba ta san inda kake ba, saboda haka ba ta bambanta titin Oregon da na wata jiha. Ni kuwa kusan duk mako sai na haye kogin Columbia zuwa Vancouver ta jihar Washington wajen yayata, kuma ban ga dalilin biyan Oregon kuɗin titin da ba nata ba. Na ɗauki mai GPS. Doka ta ce a goge bayanan wuraren da aka je cikin kwana 30 bayan an biya. Na yarda, amma maigidana har yau yana kiran na'urar "ɗan rahoto", kuma ba na iya ce masa ya yi ƙarya.

Abin da ya fi burge ni, abin mamaki, shi ne takardar lissafi. Shekara da shekaru ina biyan haraji a gidan mai ban taɓa ganinsa ba, yanzu kuwa ga shi a rubuce, mil kaza dala kaza. Oregon ce ta fara sa harajin mai a Amurka a 1919, ga shi ita ce ke neman magajinsa.

Ƙorafina ɗaya: kuɗin kowane mil iri ɗaya ne ga 'yar ƙaramar motata da ƙatuwar motar lantarki da ta ninka ta nauyi. Sannan ba zan ba mutumin karkara da ke cin mil 60 kullum shawarar shiga ba. Ni dai na sabunta, kuma na'urar na nan ƙarƙashin sitiyari.