Gidan kifin da muka je daren Alhamis a Jidda

Tunda ana ta tambayata kan gidan kifin nan da muka je ni da mai ɗakina da yayarta da ta zo umara daga Kano, bari in faɗi abin da na gani. Ba zan kama suna ba kar a ce talla nake, amma bai da nisa da Bangala, babbar kasuwar kifin Jidda.

Kifin dai ba magana. Najil, wani kifin teku, muka ɗauka aka gasa, da jambari wato jatan lande, da shinkafar sayadiyya, har Yaya da ke cewa ba ta son ƙarni sai da ta suɗe hannu. Inda suka ɓata min rai jira ne, kusan awa guda muna zaune, ga sashen iyali a matse, kuɗin ma ba na kullum ba ne gaskiya.

Abin da ya sa zan koma daban ne. A kan ƙanƙara akwai wannan mai baƙin ɓawo kamar kumba da Larabawa ke kira balahul bahar, Yaya ta leƙa ta ce "Alhaji wannan dodon koɗi ne ko me, ya ma halatta kuwa?" Na ce Yaya a Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halas ne, ni tsorona wani abu ne can. Su waɗannan masu ɓawo biyu tace ruwa suke yi su ci, to in ƙananan tsiran teku masu dafi suka yi yawa, lokacin da ruwa ke rinewa ja ɗin nan, sai dafin ya taru a jikinsu su kuma ko a jikinsu, kai da ka ci kai ne a ciki, kuma wuta ba ta kashe shi, hanci ba ya jin sa, ɗanɗano ma lafiya lau. Wani irin dafin, na shanyewar jiki, cikin rabin awa leɓe da harshe za su fara tsattsafa su mutu, in ya yi tsanani numfashi ya tsaya. A 1987 a Kanada, sanadin wani irin dafin daban, sama da mutum 100 suka kwanta, 3 suka rasu. Shi ya sa ƙasashen da ke noma balahul bahar suke gwaji a lab, a Turai in dafin shanyewar jiki ya wuce maikirogiram 800 a kilo ɗaya na naman, rufe wurin kamun ake yi.

Sai na tambayi yaron da ke awo daga ina aka kawo. Wallahi na zaci zai ce min "taza, taza", wato sabo ne, kamar yadda suka saba, sai ga shi ya shiga ciki ya ɗauko buhun ragar da takardarta a maƙale, ƙasar da ya fito, ranar kamu, lambar kamfani, ya ce komai ta hannun Hukumar Abinci da Magani ta Saudiyya yake shigowa. Katin lafiyarsa na baladiyya, wato hukumar birni, ma yana rataye a wuya. Yana zuba mana yana ƙwanƙwasa waɗanda suka buɗe baki da farce, wanda bai rufe ba ya jefa a bokiti, guda huɗu na ƙirga. Wannan ƙwanƙwasawar matacce kawai take nunawa fa, dafi sai takarda.

Rabin kilo muka sa aka dafa da tafarnuwa da lemon tsami. Yaya ta ci ɗaya ta ce a bar ta da najil ɗinta, ni da mai ɗakina muka tashi da sauran. In za ku je ku riga sallar isha'i, bayanta layi har waje.