Shagon Kabuga da ya rage mini gaisuwa kafin bitar tallata sana'a

Sana'ata garin tumatir. Ina sarowa a Yankaba lokacin sanyi, sa'adda kayan Kadawa da Kura suka cika kasuwa kwando ya faɗi warwas, in yanka, in shanya, in kai niƙa, in ƙulla a leda. Shekarata uku ke nan a kai. Watan jiya ƙanwata ta sa sunana a wata bitar kwana biyu ta masu ƙananan sana'o'i, inda ake koyar da yadda mutum zai tsaya gaban masu kuɗi ya gamsar da su su zuba jari. Saƙon da aka turo ya ce kowa ya zo da shafukan PowerPoint, irin waɗanda ake haskawa a majigi, da takarda guda mai bayanin sana'arsa, kuma tun ranar farko za a ba kowa minti uku ya yi magana. Ni kuwa ko kwamfuta ban mallaka ba.

Aka kwatanta mini wani shago tsakanin Kabuga da tsohuwar Jami'ar Bayero, cikin jerin masu buga wa ɗalibai takardu. Kwamfuta biyu, injin hoto, benci ɗaya, sai fanka mai kuka. Mai shagon saurayi ne, a haife ban haife shi ba amma na girme shi nesa. Muka yi ciniki a naira dubu takwas, bugun takardu daban.

Na zaci zan faɗa ne ya rubuta. Sai ya juyo da kujerarsa, ya ɗora waya a kan tebur, ya ce, "Hajiya, ki ɗauka ni ne mai kuɗin. Ga agogo na kunna, bismillah." Na yi sallama, na gode wa Allah, na gode wa masu shirya taro, na shiga labarin yadda na fara bayan an sallami maigidana daga aiki. Wayar ta yi ƙara. Minti uku ya cika, ban ko ambaci tumatir ba.

"Hajiya, sallama ɗaya ta isa," in ji shi. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Mu aka tarbiyyantar da mu ba a zuwa wa mutum da buƙata kai tsaye: sai an gaisa, an tambayi gida da gajiya, an yi shiru kaɗan, sannan a ce "dama na zo ne". Amma ya tuna mini yaran shago na Kantin Kwari. Kafin ki wuce bakin ƙofa sun gaya miki sabuwar atamfa ce, ba ta zuba, kuma gani ba saye ba ne. Taku huɗu suke da shi, kuma suna tsayar da mutum. Na rasa ta cewa.

Daga nan ya yi ta jefo tambayoyi. Me ya raba garinki da kauɗar kasuwa? Na ce ai ta kasuwa a ƙasa ake shanya ta bakin titi, ni kuwa a kan raga nake shanyawa, sama da ƙasa, a lulluɓe, shi ya sa ba a tauna tsakuwa a miyata. Ya buga tebur ya ce wannan ce jimlar farko, ba labarin maigida ba. Muka ɗora da abin da kowace uwargida a Kano ta sani: da damina ta kankama tumatir sai mai hali. Na tuna masa 2016, shekarar da tsutsar nan da aka laƙaba wa Ebolar tumatir ta cinye gonaki, gidaje da yawa suka koma busasshe. Ya ce in faɗa a jimla ɗaya in wuce.

Inda na ji kunya shi ne lissafi. Nawa leda ɗaya take tsaya miki? Na faɗi kuɗin kwando da na niƙa. Kuɗin adaidaita daga Yankaba fa? Ledar kanta? Ladan 'ya'yanki masu yanka? Da muka tattara, ribar da nake taƙama da ita ta zabge kusan da rabi. Na so mu bar tsohon lissafin, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda zai ba da kuɗi tambayar da zai fara yi ke nan. Haka ya ce game da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, waɗanda duk ban yi ba tukuna: kada in jira a tono, in faɗa da bakina, in sa su cikin abin da nake neman kuɗin dominsa. Da alama ya saba, don ya ce duk watan Janairu, idan Gidauniyar Tony Elumelu ta buɗe karɓar masu neman tallafin nan na dala 5,000 da ta fara bayarwa a 2015, shagonsa cika yake.

A bango ya manna wata ƙa'ida ta Guy Kawasaki, Ba'amurken da ya taɓa aiki a Apple: shafi 10, minti 20, girman rubutu kada ya gaza 30. Tunda ni minti uku gare ni, shafi shida ya yi mini, hoto babba, rubutu kaɗan, yadda na bayan ɗaki zai iya karantawa a majigi.

To, ga inda ya ɓata mini. Ya ce in dawo Laraba da la'asar. Na zo na tarar ko buɗe aikin bai yi ba, ɗalibai sun yi masa caa. Na zauna har magariba, babu inda mace za ta yi salla, sai wata mai ɗinki a maƙwabta ce ta shimfiɗa mini darduma. Aka ɗauke wuta, ya tayar da inji, ya ƙara mini ɗari biyar ta mai, abin da bai faɗa ba lokacin ciniki. Sannan na ga ya cusa wani ƙaton adadi na yawan tumatirin da wai ake ci a ƙasar nan. Na ce daga ina? Ya ce a intanet ya gani, kowa haka yake sawa. Na ce cire, ba kai za a titsiye ba. Mutumin da ya hana ni ɓoye kuɗin adaidaita! Turancin ma sai da na sa ya sauko da shi daidai bakina.

Bugun kala kam kada ku yi a wurinsa. Garina ja ne jawur, a takardarsa ya fito kamar an jiƙa goro ya kwana. Washegari na sake bugawa a wani wuri. Ya dai kyauta da ya sa mini aikin a filashi, ya kuma turo ta WhatsApp ko da ɗaya zai ƙi buɗewa.

Ranar bitar na gama a minti biyu da daƙiƙa hamsin, da sallama ɗaya. Wani dattijo cikin masu koyarwa ya ɗaga hannu zai yi tambayar NAFDAC, na kusa da shi ya ce masa ai ta riga ta faɗa.

Asabar zan leƙa shagon da sassafe kafin ɗalibai su tashi. Ya ce in kawo leda biyu mahaifiyarsa ta gwada. Na ce masa kuɗi hannu, kuma har da na adaidaita a ciki.