Na'urar tsotse danshi a kabad ɗin tankin kifi: ba ta yi mini rana ba

Wata huɗu ke nan da na sayi ƙaramar na'urar nan ta tsotse danshi, mai ɗan kofin tara ruwa a gindinta. Gara da ban yi saurin rubuta sharhi ba, don da a makon farko na rubuta, taurari biyar zan zabga mata, in ja wasu su faɗa ramin da na faɗa.

Tankin kifina lita 200 ne, yana zaune a kan kabad na garin katakon da ake matsewa, wanda kafintoci ke kira MDF. A cikin kabad ɗin akwai ƙaramin tanki na tace ruwa, da famfo mai tura ruwa, da hita mai riƙe ruwan a digiri 26. Duk mai irin wannan shiri ya san warin da ke bugo hanci idan an buɗe ƙofar da safe, kamar tsumman da ya kwana a jiƙe. Bangon ciki kullum yana gumi, lungunan ƙasa sun fara baƙi da fumfuna. Ma'aunin danshin da na ajiye a ciki ba ya sauka ƙasa da kashi 85. Shi ya sa da na ga an rubuta a tallar cewa na'urar ta dace da kabad da ƙananan wurare, ban tsaya dogon tunani ba.

Kwana biyu da kunna ta na tarar da ruwa a kofin, na yi ta murna har ina nuna wa uwargida. Kowane kwana uku ko huɗu in zubar, in mayar, ina ganin na gama da matsala. Abin da ban kula da shi ba, ruwan da nake ƙara wa tankin ƙasa, wato ƙaramin nan na tace ruwa, shi ma ya ƙaru.

Sai ranar da na dawo daga tafiyar kwana tara. Dare ya yi, na shigo na ji famfo shiru. Na durƙusa na ja ƙofar kabad, sai kawai ta biyo hannuna. Ƙusoshin da ke riƙe da ita sun zare daga katakon kamar an tsoma su a kunu, tsatsa ta cinye su. Na haska tocila, gabana ya faɗi. Katakon ƙasa ya kumbura ya yi tozo, ledar da ke lulluɓe da shi ta ɓare, raɓa tana ɗiga daga rufin kabad daidai kan soket ɗin da na jona komai. Ashe abin da ya katse wutar ke nan, kuma Allah ne ya taƙaita abin ya tsaya a katsewa. Ita kuwa baiwar Allah na'urar tana zaune a lungu, kofinta ya cika tun ba a san ranar ba, ta kashe kanta kamar yadda aka ƙera ta. Idan ta cika fitila take kunnawa. To wa zai ga fitila a cikin rufaffen kabad?

Tsoron da ya fi kama ni na nauyi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kilo 200 ke nan kafin a lissafa gilashi da tsakuwa da duwatsu, duk a kan katakon da nake iya lotsa shi da ɗan yatsa. Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa, "Maigida, ka rage ruwan nan kafin ya sauko mana." Haka muka kwana jigilar bokiti har ƙarfe biyu, kifaye a cikin roba suna ta haki a saman ruwa. Biyu ba su kai safiya ba.

Da hankalina ya kwanta na zauna na fahimci wautar da na yi. Irin wannan na'ura faranti ne da ita mai fuska biyu, ɗaya tana sanyi tururi ya taru a kanta ya zama ruwa, ɗaya tana zafi. Zafin nan ba shi da inda za shi sai cikin kabad ɗin. Ga kuma tankin ƙasa a buɗe, ruwa mai ɗumi, famfo yana kaɗa shi dare da rana. Duk abin da ta tsotsa daga iska, tankin ya mayar nan take. Ruwan da nake zubarwa ina alfahari, ruwan tankina ne nake ɗiba ta bayan gida. Ɗibar ruwa da rariya dai na yi ta yi.

Abin da ya yi maganin danshin bai kai ta tsada ba. Kafinta ya canza katakon da ya lalace, don MDF idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa ko an shanya shi shekara. Ya huda ramuka biyu a baya, na ɗaura fankar kwamfuta mai aiki da wutar volt 12 a kowanne, ta ƙasa tana shigo da iska, ta sama tana fitarwa. Na sa aka yanko mini gilashi na rufe tankin ƙasa, na bar 'yar kafa ta wayoyi da bututu. Cikin kabad ya sha fentin da ruwa ba ya ratsawa, lunguna na toshe da silikon. Soket ya koma sama a jikin bango, kowace waya na bar ta ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau, don ɗigo ya faɗi a hanya. Cikin kwana uku ma'auni ya sauko wajen kashi 60, warin ya ɓace.

Don adalci, na'urar ba matacciya ba ce. Na mayar da ita kabad ɗin tufafi, can tana aikinta shiru, ba ta da ƙara, kaya sun daina warin laima. Har na ce in ba ta taurari uku, tun da rabin laifin nawa ne.

Amma da na tuna amsar da mai sayarwa ya ba ni, raina ya sake ɓaci. Kafin in biya kuɗi na rubuta masa ƙarara cewa a ƙarƙashin tankin kifi zan sa ta, akwai buɗaɗɗen ruwa a ciki. Ya ce ai daidai aikinta ke nan. Da na aika masa hoton ƙofar a ƙasa, sai ya ce in riƙa zubar da kofin a kan lokaci. Taurari biyu, kuma har yau in na wuce ta gaban tankin sai na durƙusa na danna katakon ƙasa da yatsa.